Fuskar Matar Matuƙi

Littafin Baba labarin wani matuƙi ne da ya tafi wata duniya cikin kumbo, ya dawo ya tarar matarsa ta rasu. Da kamfanin ɗab'i ya ce a mayar da shi littafin zane, ni aka ɗora wa aikin, tunda zane ne sana'ata.

Kumbo da taurari ba su ba ni wahala ba. Matar ce ta gagare ni. Duk littafin babu inda Baba ya faɗi kamanninta, sai dai "ta tsaya a bakin ƙofa". Marubuci yana iya wucewa a haka, amma mai zane dole ya sa mata ido da hanci.

Na tambaye shi, ya ce, "Ke dai zana mace kawai." Ya ƙaro muryar rediyo.

Haushi ya kama ni. Na jawo madubin da nake ajiyewa a teburin aiki don kwaikwayon yanayin fuska, na dubi kaina, na zana abin da na gani.

Washegari na kai masa shafin. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"A ina kika samo hoton mahaifiyarki?"

Ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Wajen haihuwata ta rasu, shi kuma yana can wajen tafiya.

"Baba, ai ni ce."

Bai ɗago ba. Ya ce, "To, yanzu kin san abin da ya sa nake miki magana ina kallon ƙasa."