Daƙiƙa Goma Don Lamba 74

Ƙarfe ɗaya na ranar Talata, Wendell Pruitt yana tsaye bayan kyamararsa a ƙololuwar filin wasan kwalejin, inda ake ƙwallon ƙafa irin na Amurka, yana kallon kujeru dubu goma sha biyu da mutum ɗari huɗu suka warwatsu a kansu. Sauran mutanen garin suna masana'antar kaji suna figa. Da can ranar Asabar ake wasa, a rufe shaguna, a ɗora haƙarƙari a wuta tun da safe. Sai gidan talabijin ya ce Asabar ta manyan jami'o'i ce, ƙananan kwalejojin Mississippi su karɓi Talata ko su nemi wani mai nuna su. Shugabannin kwalejin suka karɓa, har da liyafa.

Shekara talatin da ɗaya Wendell yana wannan aiki. Da can da kyamara bakwai ake zuwa, bana biyu. Masu sharhin wasan ma sun daina zuwa. Suna wani ɗaki a birni mai nisan kwana biyu a mota, suna kururuwa kamar suna jin warin zufar 'yan wasan. Baɗi kuwa na'ura za a kafa, mai bin ƙwallo da kanta. Tuni aka aiko wa Wendell wasiƙar godiya da sallama.

Ba wasiƙar ce ta dame shi yau ba, Cedric Tate ne, mai lamba 74. Aikin Cedric shi ne ya tare ƙattai da ƙirjinsa domin wani ya wuce da ƙwallo a tafa masa. Shekara huɗu bai taɓa ƙwallon ba, don haka kyamara ba ta san shi ba, ga shi yau ne wasansa na ƙarshe. Ubansa Roscoe, abokin Wendell tun firamare, yana gidan kula da tsofaffi tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce da wuya ya ga Kirsimeti.

Ranar Lahadi da Wendell ya je dubiya, Roscoe ya tsare shi. Bakin ya karkace, amma zagin bai ragu ba. Ya ce shekara huɗu ba abin da yake gani na ɗansa sai ƙeya da gadon baya, ko dai Wendell ya makance ne ake ɓoye wa jama'a?

"Fuskarsa nake so, tsohon banza. Ba hular kwano."

Wendell ya ce da fuskar uwar yaron ya ɗauko da tuni an nuna shi. Amma ya yi alkawari.

*

A garin nan, idan aka tashi wasan ƙarshe na shekara, ɗaliban da za su gama kwaleji sukan jera hulunan kwanonsu a tsakiyar fili, su juyo wajen kyamarar sama su ɗaga wa iyayensu hannu. Tun kafin a haifi Cedric ake haka. Shekara biyu ke nan talabijin yana yankewa kafin a kai wurin.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Wendell ya yi magana da Shelby, mai zaɓen hoton da za a nuna. Muryarta kawai ya sani a kunnensa. Wasa uku take gudanarwa a lokaci ɗaya, ba ta kuma taɓa taka garin ba. Ta ce umarnin da aka ba ta shi ne da an hura usur a tafi talla. Ya ba ta labarin Roscoe.

"Baba Wendell, irin wasiƙarka ni ma na samu," in ji ta. "Daƙiƙa goma. Kar ka ƙara ko ɗaya."

Aka lallasa kwalejin kamar yadda aka saba. Cedric ya ajiye hularsa a kan ciyawa ya juyo. Jar fitilar kyamara ta kama. Wendell ya jawo fuskar har ta cika hoton: faffaɗan goshi mai sawun hula, wushirya, hawaye na gangarawa cikin zufa. Leɓunan suka motsa, suka ce Baba. Duk tsawon aikinsa bai taɓa ɗaukar hoto kamar wannan ba.

*

Odessa, mai jinyar tsofaffin, ta tare Wendell a bakin ƙofa da yamma. Ta ce tun sha biyu ta kunna tashar da ya rubuta mata a takarda, amma wasan bai zo ba. Wani siririn rubutu ne ya wuce a ƙasan allo, wai an mayar da shi intanet ga masu rajista. Ta gwada a wayarta ta kasa. Ba wanda ya gaya wa Wendell, don ba a gaya wa mai kyamara inda hotonsa yake zuwa. Ita kuma ba ta iya faɗa wa tsohon gaskiya ba, sai ta ce masa an ɗan jinkirta.

Roscoe yana falo a keken guragu, sanye da kwat ɗinsa na zuwa coci. Ya ƙi cin abincin rana kada miya ta ɗiga masa. A allon, wasu maza huɗu masu sheƙi suna gardamar wace babbar jami'a ce za ta sa hannu a sabuwar yarjejeniya.

Roscoe ya juyo da ƙyar ya ga Wendell.

"Kai kuma me kake yi a nan? Wa ka bar wa kyamarar?"

Wendell ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

"Da sauran lokaci," in ji shi.

Roscoe ya yi tsaki. Ya sa hannunsa mai lafiya ya gyara wuyan kwat ɗin, ya mayar da idanunsa kan allon.