Rantsuwar Yusha'u da Kwarankwatsa

A bakin gulbin Goronyo sunka ƙulla maganar. Kawu Abdulƙadiri, masunci, zai tafi hajji, kuma kifin banda da ya haɗa wa 'yarsa da ke aure can Makka ya wuce nauyin da aka yarje wa maniyyaci. Ɗan ƙanwarsa Yusha'u kuwa lodin kaya yake a filin jirgi.

"Ka cusa min buhun ga ba tare da sikeli ya gane shi ba," in ji kawu, "ni ko in bar maka fadamata ka yi albasa bana."

"An gama, Kawu."

Ba a gama ba. Ranar tashi, warin kifi ya riga Yusha'u isa ƙofa, masu bincike sunka ce buhu ya tsaya nan wajen mai gadi. Da kawu ya tare shi a zauren jira ya ce, "Ya shiga?" kunya ta hana shi faɗin gaskiya.

"Ya shiga."

"Rantse."

"Kwarankwatsa ya shiga."

Bai daɗe da komawa bakin jirgi ba gabas ta yi baƙi. Dokar wurin sananniya ce: da an ga walƙiya kusa, a bar mai, a bar kaya, kowa ya shige gini. Aka busa jiniya, abokan aiki sunka watse. Yusha'u ya ɗaga ƙafa ke nan sai ya hango kawu ta gilashi, kawun ya kafe shi da ido. A garinsu kowa ya san wanda ke gudun aradu: wanda ya rantse da ita kan ƙarya.

Sai ya tsaya. Fili fetal, ga amalanken ƙarfe a gefensa, yana salati a ciki.

"Yusha'u, mi kake jira?" shugaban aikinsu, Kabiru, ya ƙwala masa kira daga ƙofa. "Gadon gidanku ne tsawa?"

Bai motsa ba. Dole Kabiru, mai 'ya'ya ƙanana a gida, ya fito cikin walƙiyar nan ya jawo shi da wuyan riga. Suna shiga Kabiru ya miƙa hannu, Yusha'u ya ciro katin aiki ya ba shi, ya kasa kallon fuskarsa.

Da hadari ya wuce, kawu ya biyo layin maniyyata yana nuna shi. "Kun ga ɗan ƙanwata? Mai gaskiya ba ya tsoron aradu." Tsofaffi sunka riƙa sa masa albarka, kowace tana sauka masa kamar mari.

Mai gadi ya ci kifi har da maƙwabta. Kawu ya tafi Makka da yabon ƙarya a bakinsa. Yusha'u ya rasa aiki, fadamar ma bai iya taka ta ba, don ya san kawu zai dawo da sanin kifi bai shiga ba.