Hayaƙi a Gidan Mai Sola

Duk unguwa ta san Mai Sola da baki. In ya fara zagin janareto, har mai shayi sai ya ji kamar ya kashe nasa. "Ku dubi rufin gidana," yakan ce, "rana ke ba ni wuta, ba ƙara, ba hayaƙi." Da wannan bakin ya sayar wa rabin layin farantan sola.

Abin da bai faɗa ba shi ne, batiransa sun daɗe da mutuwa. Farantan na nan a rufi, ado kawai. Wutar gidan daga wani ƙaramin janareto take, wanda ya ɓoye a sito, ya jingina masa tsofaffin katifu, ya toshe taga da kwali don kada maƙwabta su ji. Wayo ke nan, a ganinsa. Siton kuwa bango ɗaya ya raba shi da ɗakin 'yarsa Auta, ga rami a sama inda waya ta bi.

Wata rana da azahar matarsa ta tarar da Auta a ƙasa tana amai, ba ta gane kowa. Maƙwabcinsu Direba, wanda shi ma Mai Sola ya haɗa wa sola, shi ya kwashe su, har da Mai Sola, zuwa asibiti.

Likita ta duba yarinyar, ta ɗago. "Kuna kunna janareto ko gawayi a cikin gida? Ku faɗa min, da amsarku zan san abin yi."

Direba ya riga kowa. "Haba likita! Gidan Mai Sola ne fa. Shi ya raba mu da janareto."

"To, sai mu nemi wani dalilin," in ji likita, ta juya za ta fita.

"Baban Auta," matar Mai Sola ta ce a hankali.

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi Direba, ya dubi ƙirjin 'yarsa yana hawa da ƙyar.

"Akwai," ya ce. "A sito yake, a rufe."

Likita ta ƙwala wa nas kira a kawo iskar numfashi. Direba ya sunkuyar da kai, ya fita waje.

"Tun yaushe take ciwon kai?" likita ta tambaya.

Mai Sola ya buɗe baki zai ce ai ba ta yi.

"Tun damina," in ji matarsa. "Ta ce kar a gaya wa Baba, zai kashe wuta ya ji kunya."