Tarazon Ɗakin Malam Ashafa

Ina durƙushe ina goge daɓen ɗakinsa da dutse, Malam Ashafa ya ɗago kai daga kan gado.

"Falalu, me kuke ce wa wannan abin?"

"Tarazo, Baba."

"To ƙasa kake cewa, ba ka sani ba."

Katangarmu ɗaya da shi a unguwar Takur. Ni magini ne, shi tsohon malamin gona, wanda ya koyi harshen Latin a makaranta tun zamanin Turawa. Shekarar da aka ba mu jiha ciwon ƙirji ya kwantar da shi, 'yarsa Zulfa ta ce in yi masa daɓe saboda ƙura.

Ya ce mutanen Rum na dā terra suke ce wa ƙasa. Jikokinsu Italiyawa suka ja ta ta zama sunan daɓe, 'yan kwangila suka kawo ta har bakina. Yana tari yana dariya.

"Akwai wata, humus. Baƙar ƙasa mai taki. Daga ita Turawa suka samo kalmar ƙasƙantar da kai. Kalmarsu ta ɗan Adam ma danginta ce."

Tun daga ranar kullum sai na leƙa bayan la'asar. Da aka yi ruwan shuka ya ce in kai shi gonarsa ta hanyar Miga.

"Baba, likita ya hana," in ji Zulfa.

"Na ji shi, uwata. Ɗauko mini takalmi."

Na aro a-kori-kurar ƙanina, muka shimfiɗa masa katifa a baya. A bakin gona ya ƙi a ɗauke shi. Ya dafa kafaɗata, ya taka har tsakiya, ƙafarsa na nutsewa. Ya damƙi ƙasa, ya murza, ya shinshina, sannan ya kira mai yi masa noma.

"Ɗan'inna, bana wake za ka sa nan. Ta gaji da gero."

Daga nan muka koma gida. Ranar Alhamis da hantsi, ina kwaɓa siminti, na ji salatin Zulfa ta katanga.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga yi mata gaisuwa. Na same ta tsugune a bakin famfo, ta ɗauko takalman nan za ta wanke. Taɓon ya bushe a jikinsu. Ruwa yana ta zuba cikin bokiti har ya tumbatsa, ita kuwa tana riƙe da su a cinya.