Shanun Baffa Manu

"Saura tambaya ɗaya, Baffa," in ji Hafsat, yatsarta a kan wayar aiki. "Shanu nawa suka rage maka?"

Tsohon ya gyara sandarsa bisa kafaɗa, ya kalli bayan rugar kamar an kira shi daga can.

Sati uku ke nan Hafsat tana zaga ƙauyukan Gusau da Bungudu, tana ɗaukar bayanin asarar da fari ya jawo. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ta aikin, kuma da wannan bayani za a raba dusa kafin damina. Yau ƙauyen Wanke ne na ƙarshe. Direba ya ce ko da ita ko ba ita, motarsa ba za ta kai la'asar a wannan hanya ba.

"Ɗiyata, mu ba mu ƙirga shanu," Baffa Manu ya ce. "Mai ƙirge, albarka yake kora."

"Amma ɗazu ka faɗa mini waɗanda suka mutu."

"Sunansu na faɗa miki. Ke kika ƙirga, na ga yatsunki suna motsi cikin hijabi."

Kunya ta kama ta. Haka ne. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, Wule da Saye da sauransu, har da wadda ta durƙusa a bakin busasshen tafki da ɗan maraƙi a cikinta. Goma sha tara. Sai da Hafsat ta juya ta goge idonta.

"Baffa, in ban sa adadi ba, wayar ba za ta karɓi sunanka ba. Ba suna, ba dusa. Ka dubi haƙarƙarinsu mana."

Ai ta riga ta duba. Tun isowarta ta ƙirga su a ɓoye: goma sha ɗaya, biyu ma da kyar suke tsayuwa.

"In kin rubuta, wa zai gani?"

"Ofishinmu."

"Sai kuma wa?"

Ta san amsar. Ranar rabo akan manna sunaye a ƙofar makarantar firamare, kowa da buhunansa, buhu ɗaya kan shanu biyu. Duk mai ido zai iya lissafi, kuma ɓarayin daji suna da masu duba musu.

"Bara an yi wa maƙwabcina Dogo irin wannan rubutun na rigakafi," ya ce a hankali. "Kwana tara tsakani aka zo aka kore shanunsa. Ba su tambayi hanya ba."

"To in rage? In sa huɗu?"

"Buhu biyu ke nan. Ki jawo mini ido, ki kuma sa ni ƙarya?" Ya yi ɗan murmushin da ya fi kuka ciwo. "Yunwa dai ɗaya-ɗaya take ɗauka, ɗiyata. Su kuwa gaba ɗaya."

Direba ya danna hon sau biyu.

Hafsat ta dubi gurbin da ke jiran lamba. A wajen horo an ce musu adadi na gaskiya shi ne zai ceci talaka, ita ma ta yarda har zuciyarta. Ta san adadin, ba sai ta tambaye shi ba. Lambobi biyu ne kawai.

"Ki rubuta matattun," in ji Baffa Manu. "Su ba mai korarsu."

Ta gwada rubuta matattun kaɗai. Wayar ta yi ja, ta ƙi wucewa sai an cike gurbin masu rai.

Ta daɗe tana kallon sunansa. Sannan ta goge shi, harafi bayan harafi, ta durƙusa ta yi masa sallama.