Inna Sadatu Ta Ƙi Dangwalawa

Shekara biyu, Yaya Munira! Shekara biyu, kuma babu zaɓin tara! Wallahi da kunnena nij ji alƙali ya hwaɗa, Nazifa tana goye bayana tana tauna bakin mayahina. Ko takalmi ban tuɓe ba nic ce sai na sanar da ke. Tsaya, ku can Augie guntu-guntu labari ke isa gare ku. Bari in ɗauko miki tun daga tushe.

Kin san Baba Attahiru, maƙwabcinmu na nan Argungu, mijin Inna Sadatu, wanda katanga ɗaya ta raba mu. Shi yay yi wa Nazifa huɗuba randa nih haihu, don maigidana Junaidu shina kan hanya da fasinja. Tun rannan "amaryata" shike ce mata. Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya ba, daga shi sai Inna sai fadamar shinkafarshi.

To, bayan girbi kin san yadda mutanenmu ke yi. Bakin kwalta ake shanya, don ta fi zahi kuma babu yashi. A baza shinkafa gehe, a jera duwatsu, mota ta bi tsakiya. Duk direban hanyar Birnin Kebbi ya san haka. Rannan da hantsi Baba shina cikin shanyarshi shina juya ta da ƙahwa, sai ga mota awa an harbo ta. Wani yaro ne, Kamilu, ɗan wani Alhaji mai fataucin albasa a Nasarawa ta Birnin Kebbi. Yaz zo wuce wata babbar mota, yah hau kan shanya, taya tas sulɓe. Waɗanda sunka gani sun ce hular Baba can cikin gonar wani anka tsince ta.

Kwana ukku yay yi asibiti a Birnin Kebbi. Ni ke kai musu kunu. Ƙugu ya karye, ƙirji ya taɓu, amma bakin nan nashi bai mutu ba. Ina shiga sai yac ce, "Jannatu, ina amaryata? Ko ta ji na karye ta sake miji?"

Nic ce, "Ga ta nan, Baba, ta ce sai ka tashi ka biya sadaki."

Yay yi dariya har tari yas sarƙe shi. Da yas samu numfashi, abin da yat tambaya shi ne, "An kwashe shinkafar nan? Kada raɓa ta sauka kanta."

Rana ta biyu Alhaji uban yaron yaz zo da mutane, da lemu da madara. Yad durƙusa gaban gado, shina hawaye, ba na ƙarya ba. Baba yac ce, "Tashi, Alhaji. Tsakanina da ɗanka na yahe, duniya da lahira." Sunka yi ta godiya, sunka tahi.

Suna fita yaj juyo wurin Inna. Ina nan zaune ina ba Nazifa nono.

"Sadatu, kin ji na yahe."

"Na ji, Malam."

"Ƙashina na yahe, don nawa ne. Amma hanyar nan ba tawa ba ce. Ɗiyan mutane na bin ta zuwa makaranta. Wannan ban da ikon yahe shi, ke ma ba ki da shi."

Inna tag gyara mishi zane. Washegari bayan azahar yac ce a ɗan ɗaga mishi kai. Tana ɗagawa, yay yi kalmar shahada, shi ke nan. Allah shi jiƙan shi.

An yi sadakar bakwai da kwana biyu sai ga su. Alhaji, da Sama'ila ƙanen Baba, da wani dattijo, da takarda da ɗan akwatin tawwada na dangwale. Inna tana takaba, don haka daga cikin ɗaki taz zauna bayan labule, su suna tsakar gida kan tabarma. Tas sa anka kira ni, wai in zama idonta, tunda na taɓa aji biyu na sakandare. Takardar Turanci ce, na kama kaɗan na saki da yawa, amma na ga sunan Baba da na Kamilu.

Sama'ila yac ce, "Abu mai sauƙi ne. Yaya ya yahe da bakinshi, kowa ya ji. Ni na sa hannu. 'Yan sanda sun ce saura matar mamaci. Ki dangwala, magana ta mutu."

Inna tac ce, "In na dangwala, sai mi?"

"Sai a janye ƙara, yaro shi koma gida."

"Da makullin motar?"

Sunka dubi juna. Alhaji yac ce, "Hajiya, ya yi nadama. Wallahi ko abinci ba ya ci."

"Alhaji, don girman Allah in tambaye ka. Wannan ne karon farko?"

Alhaji mutumin kirki ne, bai iya ƙarya ba. Yac ce bara an kama yaron da gudu, an ci shi tara. Kuma da azumi ya buge jakin wani a Ambursa, an sasanta.

Inna tac ce, "An biya tara, an yahe jaki, yanzu ga Malam. To bayan Malam wa ke layi?"

Sama'ila yat taso mata. "Ke! Ƙaddara ce, ko kin fi mai ran da yay yahe ne? Macce mai takaba ba ta da baki cikin maganar maza!"

Daga bayan labule tac ce, "To in ba ta da baki, mi kunka zo nema wurin yatsanta?"

Yaya, saura kaɗan in sheƙe da dariya a gidan makoki! Nit toshe baki da kan Nazifa.

Inna tac ce, "Ni ma na yahe wa yaron, Allah na gani. Ba ni neman komi wurinku. Amma yatsana ba ya hawa takardag ga. Hukuma ta yi aikinta."

Sama'ila yak kaɗe riga. A bakin zaure yac ce, yadda kowa za ya ji, daga yau ta nemi mai noma mata fadama, shi ya cire hannu. Kin san kuwa fadamar nan ita ce tuwonta, kuma ba ta da kowa sai shi.

Daga nan gari yaɗ ɗauka. Wai Inna ba ta yarda da ƙaddara ba. Wai taurin kai ne na wadda ba ta da ɗa, ba ta san zahin ɗa ba. Matan da ke shigowa yi mata hira sunka ɗauke ƙahwa. Wata rana nis same ta ita ɗaya tana tsintar wake. Nic ce, "Inna, ko za ki dangwala ki huta?"

Tac ce, "Jannatu, in na huta ni, wata ce za ta zauna inda nike zaune."

Har cikin ɗakina rigimar ta iso. Junaidu, kin san shi ma hanyar nan shike bi kullum, Argungu zuwa Birni. Rannan shina cin tuwo yac ce, "Ni fa abin nan bai yi mini ba. Gidan yari na ɓarawo ne da mai kisa da gangan. Yaron nan ya fito da niyyar kashe Baba ne?"

Nic ce, "Ya fito da niyyar gudu."

"Wane direba ne ba ya taka wuta? In an ɗaure shi yau, gobe ni ne. Kuma tsakani da Allah, titi na mota ne ko na shanya?"

"An ce allurar gudun motarshi ta kai ɗari da tamanin. Kai ka taɓa kaiwa nan?"

"Da wace motar? Wagga akwalar, in ta kai ɗari sai ƙofa ta nemi sauka."

"To ka gani."

"Ba nan take ba, Jannatu. Ki kai yaro ɗan shekara ishirin da biyu cikin 'yan fashi, mi za ya koyo? A karɓe lasin ɗinshi mana, ya isa."

Nic ce, "Tsakaninka da Allah, yaushe rabon da a tambaye ka lasin a hanyag ga?"

Yac ce in ƙaro miya. Kwana biyu muna gaisuwa sama-sama. Kuma in gaya miki gaskiya, maganar 'yan fashin nan ta tsaya mini a rai.

Wadda tab ba ni tausai ita ce uwar yaron, Hajiya Nuriyya. Ita ɗaya taz zo, ba rakiya, ba takarda. Tana shiga ɗaki tar riƙe ƙahwar Inna. "Ki dube ni, baiwar Allah. Shi kaɗai ne namiji gare ni."

Inna ma kuka take. Tac ce, "Hajiya, na binne ɗiya huɗu, na san abin da kike ji. Randa anka ce miki ya yi haɗari, mi kinka fara tambaya?"

"Na ce, yana da rai?"

"To wannan karon an ce miki e. In ya koma kan hanya yadda shike, akwai randa ba za a ce miki e ba. Gwamma ki san ɗakin da shike kwana."

Sunka zauna tare har la'asar, sunka yi salla kan tabarma ɗaya, sannan Hajiya tat tahi. Ban san ko ta yarda ba. Ina jin ba ta yarda ba.

An yi ta ɗage shari'a har sau huɗu. Yau ne ranar hukunci, Inna kuwa saura kwana tara ta fita takaba. Tac ce, "Je ki ki zama kunnena." Nic ce wa Junaidu ko shi kai ni ko in hau motar wani. Yac ce, "Shiga, uwar 'yan shari'a." Har cikin kotu yab biyo ni, wai don shi riƙe mini jaka.

Ashe abokin Kamilu da ke gaban mota ya ɗauki komi a waya, wai za su sa mutane su gani. Anka kunna. Ga allura tana hawa, ga su suna dariya, abokin na ihu, "Taka ta! Taka ta, ɗan Alhaji!" Ana ganin shanyar mutane gehen hanya tana wucewa awa walƙiya. Sai ga farar riga can gaba. Daƙiƙa ɗaya, Yaya. Baba ko ɗaga kai bai samu yi ba.

Junaidu yam miƙo mini jakata yaf fita waje.

Lauyan yaron yac ce laihin manoma ne da ke shanya kan titi. Alƙali yac ce lalle shanya kan titi kuskure ne, kuma ya kamata a samar wa mutane wurin yi. Amma yac ce wanda ke irin wannan gudu, ko babu ƙwayar shinkafa ɗaya a hanya, bai bar wa kanshi damar tsayawa don kowa ba, kuma an yi mishi kashedi har sau biyu bai ji ba. Anka tambayi Kamilu, yac ce ya aikata. Muryarshi awa ta ƙaramin yaro. Da anka ce shekara biyu, uwarshi ba ta yi kururuwa ba, taj ja mayahi tar ruhe fuska. A nan murnata ta ɗan rage, ba zan ɓoye miki ba. Amma da nit tuna farar rigar nan, sai tad dawo.

Sai dawowa! Junaidu ya cika mota da fasinja, muka kama hanya, shina tahiya awa mai ɗauke da ƙwai. Har babur ɗin mai kihi ya wuce mu. Wani ɗan kasuwa a baya yac ce, "Direba, gawa munka ɗauko ne?"

Junaidu yac ce, "Mai sauri shi sauka, ga hanya nan."

Muna shigowa Argungu, bai dube ni ba, yac ce, "Har yanzu ina ganin shekara biyu ta yi yawa."

Nic ce, "To."

Can kuma yac ce, "Ki gaya wa Inna kada ta damu da Sama'ila. Ranar Jumma'a ba ni fita, ni da ƙannena za mu shiga fadamar."

Da gudu nif faɗa gidan, ina "Inna! Inna! Shekara biyu!" Na zaci za ta yi guɗa. Tana zaune bakin ƙofa da tazbaha. Tas saurara har nik ƙare, da na Junaidu duka. Sannan tac ce, "Allah shi fito da shi da hankali, shi ba uwarshi haƙuri."

Tat tashi a hankali, tac ciro rigar Baba ta zuwa gona da ke rataye ga ƙusa, tak kaɗe ta, tan ninke gida huɗu, tas sa cikin akwati tar ruhe. Sai tac ce in ɗebo mata ruwa a buta, la'asar ta yi.

To kin ji, Yaya Munira. Ki hwaɗa wa uwarmu, ki hwaɗa wa matan gidanku. Kuma in mijinki za ya tasha gobe, ki ce shi tsaya inda direbobi ke shan shayi shi ba su labarin, yadda nib ba ki shi.