Ƙullin Ƙasa Daga Balad

Ranar da aka gaya wa Lubabatu cewa sunan ɗanta Musbahu ya fito cikin waɗanda jirgi zai kwasa zuwa Yamai, ba ta yi kuka ba. Kukan ta riga ta gama shi tun lokacin da aka kama shi a bakin wani sito a unguwar Khumra ta Jidda, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafili mai tsaya masa, aka wuce da shi tarhil, gidan da ake tara masu jiran kora. Abin da ya hana ta sakat shi ne mutum mai gemu, haifaffen Jidda, za a sauke shi a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Hausar tasa ma sai a hankali, rabinta Larabci ne.

A ƙauyen su Lubabatu can wajen Tawa, ba a sallamar matafiyi haka kawai. Ana ƙulla masa ƙasar wurin da aka binne cibiyarsa, in ya sauka ya jiƙa kaɗan ya sha, don kada ruwan baƙon gari ya ƙi shi. Ita ma da nata ƙullin ta zo, kuma ba mai raba ta da cewa shi ya riƙe ta. Cibiyar Musbahu kuwa a Balad take, tsohon cikin garin Jidda, ƙarƙashin matakalar gidan da ta yi wa aikatau da ƙuruciya. Da hannunta ta haƙa ramin, uwar gidan tana barcin rana.

Da hantsi ta kama hanya. Sai da ta yi ta ɓata a lungunan da a da take bi ido rufe. Gidajen nan na dutsen teku, waɗanda masu su suka gudu suka bar wa talakawa da kyanwoyi, yau su ne 'yan gata. An wanke musu fuska, tagogin katako sun sha fenti, baƙi sai ɗaukar su hoto suke kamar amare. Ita ko ba wanda ya kalle ta, sai wata 'yar motar lantarki da ta yi mata hon ta kauce.

Ta gane gidan da ƙofarsa. Ya zama wurin shan gahawa. Mai gadin, Mahadi, mutumin Chadi ne, ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya sosa ƙeya.

"Inna, wallahi mamnu'u ne, an hana. Amma yalla, biyo ni ta baya kafin mudir, shugaban wurin, ya zo."

Ƙarƙashin matakalar, tayil ne fari fes, an ɗora firiji yana ta ƙugi. Lubabatu ta durƙusa da ƙyar tana shafa ƙasa, ko za ta sami tsaga.

"Ko ɗan gefe ne, ɗana. Cikin cokali ma ya isa."

"Inna, babu komai a ƙasan nan," in ji Mahadi a hankali. "Ina nan aka yi aikin. Saboda danshi suka haƙe har ƙugu, suka zuba siminti. Tsohuwar ƙasar tifa ta kwashe, halas. Allah kaɗai ya san inda aka zubar."

Ta daɗe a durƙushe. Baƙin cikin da ya taso mata ya fi na ranar da katafila ta rushe ɗakinta a unguwar Karantina, don wancan gini ne kawai. Mahadi ne ya kama ta ta miƙe.

A waje, jikin wani gida da ake gyarawa, akwai tulin yashin magina. Ta tsaya a kansa. Mahadi ya ce jiya aka sauke shi, daga bayan gari. Ta ce ta ji. Ta kwance bakin gyalenta, ta yagi ƙyalle, ta damƙi yashin ta ƙulle tam. Da la'asar ta cusa ƙullin cikin jakar kayansa, ta ba mutumin da ke kai wa 'yan tarhil saƙo.

Washegari Musbahu ya kira ta da wayar aro.

"Ummi, shanta ta iso, jakar kayana, na ga ƙullin. Daga gidan ne? Sun bar ki kin shiga?"

"Sun bar ni."

"Wajen yana nan? Zay ma huwa, yadda kike ba ni labari?"

Lubabatu ta rufe ido. Tun da ta haife shi ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

"Yana nan," ta ce.

"Alhamdulillah," in ji shi, muryarsa ta sake kamar ta yaro. "To ba na tsoro yanzu. Ina sauka zan sha."

Mai wayar ya karɓi abarsa. Ita kuwa ta zauna riƙe da tata a kunne, tana roƙon Allah kada ya duba abin da ke cikin ƙullin.